Munduwar Gangar Banki

Salamu alaikum 'yan group, Kawu Inuwa ne. Na ga video ɗin da Faruk ya turo jiya, wanda wani yake tsoma tsohuwar fitila cikin ruwan kwalba ya ciro ta tana walƙiya. Na kuma ga kuna ta dariya, wai ashe aikin da Kawu ya ƙare rayuwarsa a kai ke nan, minti biyu an gama. To ku gyara zama. A waya nake rubutu kuma yatsuna sun yi kauri, in kun ga kuskure ku haɗiye.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar goge ƙarfe mariƙin ƙofa ne na wani tsohon pub, wato gidan giya. Tagulla ce, ta yi baƙi ƙirin, sai wuri guda a tsakiya da yake sheƙi kamar zinariya. Maigidana Baba Seidu ya miƙo mini ya ce in gaya masa abin da na gani. Na ce datti na gani. Ya ce in sake dubawa. Na ce to, wani ya fara gogewa ya gaji ya bari. Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Ba wanda ya goge. Hannun mutane ne. Tagulla ba shi ƙarya, Inuwa. Inda fata yake taɓawa, nan yake haske. Inda an manta da shi, nan yake mutuwa."

Haka Hausarsa take. Mutumin zango ne daga Kumasi, a bakinsa kowa "shi" ne, mace da namiji, tukunya da tsintsiya. Da farko ina gyara masa, har ya ce in Hausar Kano tana biyan haya in je in biya da ita. Na kama bakina.

Karatu na zo yi London a farkon eighties. Naira ta faɗi, kuɗin gida suka tsaya, na koma neman abin da zan ci. A masallacin Regent's Park na haɗu da Baba bayan sallar Juma'a. Wani ya ce masa ga yaro yana neman aiki. Bai tambaye ni takarda ba, hannuwana ya kama ya jujjuya, ya ce hannun biro ne amma za su gyaru. Shagonsa yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, bayan Old Kent Road. Ba taga. Bango kullum a jiƙe. Duk sanda jirgi ya wuce a sama komai na shagon sai ya yi rawa, cokula da ƙararrawa da fitilu, ku yi shiru ku jira ya wuce sannan ku ci gaba da magana daga inda kuka tsaya.

Kayan aikin ba su da yawa. Injin gogewa guda biyu masu juya faifan tsumma, mai tauri na fara aiki, mai laushi na gamawa. Sandunan maganin gogewa da 'yan sana'a suke kira sabulu, ja da fari da ruwan ƙasa, kowanne da ƙarfensa. Buroshin waya, magagari, awartaki, siririn zarto irin na maƙeran zinariya, kakin zuma, da babban akwatin garin katako inda ake binne abin da aka wanke ya bushe. Baba yana da nasa sirrin da Turawa ba su da shi, tsamiya da toka. Daga Peckham yake sayo tsamiyar. Wani lokaci rabi ya tafi aiki, rabi ya tafi kunu.

Na daɗe ban taɓa inji ba, tsumma kawai. Ranar da na yi ƙorafi ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mini inda ƙaramin yatsa ya kamata ya kasance. Sarƙar fitila ce ta naɗe a faifai ta tafi da shi. Ya ce injin ba ya jin "yi haƙuri". Abin da ya fi nanata mini shi ne duk gogewa ragewa ce. Ba haske kake ƙarawa ba, fatar ƙarfen kake cirewa. Ka wuce gona da iri a kan farantin azurfa, sunan mai shi ya tafi, kuma ba mai dawo da shi. Na taɓa shafe rabin fuskar zaki a jikin wata ƙararrawa. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye ta a gabana inda zan riƙa ganinta kullum.

Ya kuma koya mini bambancin tagullar da aka buga da guduma da wadda aka narka aka zuba. Ta bugu tana lanƙwasuwa, kana iya buɗe ta ka rufe. Ta zubi ba ta yi. In ka matsa mata karyewa take kamar ƙuli-ƙuli. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Makullan shagon suna ɗaure a wata igiyar fata, kuma a jikin igiyar akwai wuri guda ɗaya. Ku da aka haifa a nan, wuri shi ne ɗan farin ƙwanson tekun nan mai tsaga a ciki, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin kwabo ya zo. Nasa ya tsufa har ya koma ruwan ƙwai. Na tsokane shi na ce, "Baba, mutum yana sahun gaba a masallaci yana yawo da kayan bori?" Ya ce, "Ajiyar kakata ne. Share ƙasa."

Masu kawo mana aiki yawanci dillalan kayan da ne, irin masu baje koli a kasuwar Bermondsey ranar Juma'a da safe. Akwai coci-coci masu kawo alkukin kyandir, akwai otal, akwai manyan mutanenmu na arewacin Najeriya masu flat a tsakiyar gari, su aiko direba da tasoshin da za a fito da su ranar Sallah. Babban kwastomanmu wani dogon Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu. Sana'arsa kwashe kayan tsofaffin gine-gine in za a rushe ko za a sayar. Ba mugu ba ne. Biya ne yake masa wuya.

Farkon nineties kasuwa ta mutu. Otal suka daina aikowa, dillalai suna sayar da kaya da dattinsu su ce wai haka ake yayi. Sai mu wuni muna goge abin da muka goge jiya don kada hannu ya manta. Lokacin na yi aure, matata Hadiza tana aiki a gidan kula da tsofaffi, Bilki tana da shekara biyar. E, Anti Bilkinku ta yanzu. A lokacin tana jin Hausa sarai amma ko "na'am" ba ta cewa. Ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci. Uwarta ta yi faɗa ta yi lallashi ta gaji.

A cikin wannan hali Mai Lofe ya zo da van cike da kaya. Wani tsohon banki ne a cikin City, unguwar bankunan London, ya rufe, ƙarami, irin na iyali guda, aka ba shi kwangilar kwashe ɗakin ƙasa. Allunan ƙofa na tagulla, sikeli da duwatsunsa, ƙararrawar tebur, mariƙan durowa buhu guda. Aikin da zai riƙe mu har bazara. Daga ƙarshe aka gangaro da wata ƙaramar ganga ta katako, baƙa, ɗaurinta na ƙarfe duk tsatsa. Ƙarama ce amma sai da mu uku muka kama. Mai Lofe ya ce kayan Afirka ne, in goge masa guda ɗaya ya ga yadda za ta fito, in ta yi kyau a goge duka.

Baba ya ɗaga murfin ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya mayar ya rufe, ya ce a tura ta can lungu, ita ce ƙarshe. Daga ranar ya daina cin abinci a shagon, sai ya ɗauki kwanonsa ya fita ya zauna a kan bulo cikin sanyi. Na tambaye shi, ya ce iska yake sha.

Ni abin da na lura da shi ƙara ce. In jirgi ya wuce komai ya yi rawa ya tsaya, kamar kullum. Gangar ce ba ta tsayawa tare da saura. Sai ta ƙara ɗan lokaci tana wani sacacaca a ciki, a hankali, kamar ana zuba tsakuwa daga hannu zuwa hannu. Na ce kayan ciki ne suke zama. Lungun kuma ya kama warin ruwan gishiri. Na ce damshin bango ne.

Ranar wata Alhamis Baba ya tafi Croydon sabunta takardunsa, wanda ya san layin wurin ya san wuni ne. Makarantu suna hutun half-term, Hadiza tana aiki, sai na taho da Bilki shago na zaunar da ita nesa da inji da fensir ɗin kala. Mai Lofe ya bugo waya yana tambayar samfurinsa. Na buɗe gangar.

Wuri ne a sama, fari fat, kamar jiya aka ɗebo. Na tura hannu ƙasa na ji ƙarfe. Na ciro wani abu mai siffar kofaton doki, bakinsa a buɗe, ƙarshensa biyu masu faɗi, ya yi kore da tsufa. Wallahi daɗi na ji. Na ce munduwa. Kakata ta wajen uwa tana da irinta a cikin adudu, tana sawa ranar suna. Na ce Allah sarki, kayan adon matanmu ne Turawa suka kwaso suka rufe a rami. Duk Bahaushen da ya gani abin da zai ce ke nan.

Na jiƙa ta da tsamiya, na bi da buroshi, na kai ta faifai. Tagullar zubi ce mai arha, da dalma a ciki, da jin nauyinta ka sani. Yadda na riƙe ta a inji shi ne na zura babban yatsana ta bakin, ya shige sakayau har da sauran wuri. Ta fito ja-ja tana ɗaukar ido. Na wanke na binne a garin katako na koma kan allunan ƙofa.

Da za mu tashi na ga abu yana ƙyalli a hannun Bilki na hagu. Ta tono ta ta zura ta gefe. Ta ce, "Daddy, look, it's mine." Na ce ta cire, kayan mutane ne. Ta ɓata fuska za ta yi kuka. Na duba, tana yawo a hannun, har gwiwar hannu take zamewa. Na ce to, gobe da safe a mayar.

A gida Hadiza ta kama hannun tana juyawa. "Kai, ina ka samo munduwa? Irin ta Inna ce sak." Maƙwabciyarmu Hajiya Mairo ta shigo karɓar tukunyarta, ita ma ta ce, "Amarya, wa ya kawo kuɗin?" Aka yi dariya. Bilki ba ta yi ba. Ta ci abinci ta kwanta da abarta.

Da safe Hadiza ta kira ni banɗaki. Munduwar ta ƙi fita. Ta sa sabulu, ta sa man gyaɗa, ta sa basilin. Na tsuguna na duba. Jiya tana zamewa har gwiwar hannu, yau ta zauna daram a wuyan hannu, fatar gefenta ta fara tashi. Na ce ƙila hannun ne ya kumbura da barci. Sai na kai babban yatsana bakin munduwar. Bai shiga ba. Na kai ƙaramin yatsa. Shi ma bai shiga ba.

Na gaya muku tagullar zubi ba ta lanƙwasuwa. Ko a vice, matsin ƙarfen benci, ka matse ta, karyewa za ta yi. Na duba ko ta tsage, ba tsaga. Hadiza ta ce ita dole ta tafi aiki, in kai yarinya shago in yanke, in la'asar ta yi abin nan yana hannunta asibiti za mu, kuma ni zan yi wa likita bayani.

Muka hau bas a Old Kent Road, cunkoso kamar kullum. Bilki tana jikin taga, ta ɗora hannun a cinya, yatsun sun fara yin duhu. Na ce, "Yana ciwo?" Ba ta juyo ba. Ta ce, "Bai cika ba."

Da Hausa. Ba Hausar yaron London ba mai karkacewa, a'a, tsaf, har da wani ja a ƙarshe irin na tsofaffin mata a kasuwa. Na ce, "Me kika ce, Bilki?" Ta dube ni kamar ni ne na yi magana. Ta ce, "Nothing." Muka wuce tasha biyu. Ta sake cewa, a hankali, tana kallon titi, "Bai cika ba."

Baba yana buɗe shago muka iso. Ya ga hannun. Makullan suka tsaya a hannunsa. Ya ce, "Wane ya sa mishi wannan?"

Na ce ita ta ɗauka, munduwa ce daga gangar nan, zarto kawai zan ɗauko.

Ya ce, "Ba munduwa ba ne. Kuɗi ne."

Na ce kuɗi kamar yaya.

"A nan ƙasar ake zubawa, a cika ganga, a sa a jirgin ruwa. Manila suke ce mishi. Shi da wurin nan tafiyarsu ɗaya. A kai bakin teku wajenmu, a sauke ganga, a ɗauki mutum. Ba a yi shi don ado ba, Inuwa. Aiki ɗaya ya sani."

Na ɗauko zarton duk da haka. Na zaunar da ita a kan benci, na nemi in zura siririn gwangwani tsakanin ƙarfe da fata don kada haƙoran su taɓa ta. Jiya da hannuna zai shige. Yau gwangwanin da bai kai kaurin farce ba ya ƙi shiga. Jirgi ya wuce a sama, shago ya yi rawa ya tsaya, gangar ta ci gaba da sacacaca. Bilki ta juya ta kalli lungun ta ce, "Bai cika ba."

Baba ya karɓe zarton daga hannuna ya ajiye. Ya ce, "Ka ji. Ciniki ne a buɗe. Shekara da shekaru yana cikin duhu yana jiran ya sayi mutum, ka wanke mishi fuska ka sake shi. Yanzu in ka yanka, da hannun za ka yanka. Sai an saye shi tukuna. In an saye shi ya zama kaya, ya daina zama kuɗi. Ɗauko yarinya, yau Juma'a, Mai Lofe yana kasuwa."

Ni ɗan boko ne, kun sani. Amma yatsun 'yata sun yi sanyi a hannuna. Na saɓa ta a kafaɗa muka tafi.

Mun tarar da Mai Lofe yana nannaɗe kofuna a jarida, kasuwa ta fara watsewa. Baba ya tambaye shi da Turanci yadda gangar ta shiga ɗakin ƙasan banki. Ya ce abin da tsohon mai gadin wurin ya gaya masa, jingina ce. Wani ɗan kasuwa ya ci bashi zai tura jirgi, ya ajiye ganga, bai dawo ya fanshe ta ba. Ya ce bankuna a zamanin suna karɓar komai jingina, jirgi, sukari, gona, har mutanen da suke noma gonar. Yana faɗa yana nannaɗe kofi. Sai ya ga hannun Bilki ya daina.

Na ce ina so in sayi wannan guda ɗaya, don zan yanka ta. Ya ce don Allah in yanka, kyauta ce, ganga cike take da su, in kai yarinya asibiti.

Baba ya ce mini da Hausa, "Kyauta ba shi fansa. Ya faɗi kuɗi."

Na ce ya faɗi farashi. Ya dube mu kamar mahaukata, ya ce to, fifty pence. Na sa masa a tafin hannu. Bilki tana kafaɗata, fuskarta a wuyana, na ji bakinta ya motsa. "Bai cika ba."

Mai Lofe ba ya jin Hausa, amma ya cire lofen daga bakinsa. Na zuba masa duk canjin aljihuna. "Bai cika ba." Na ciro takardar da na ajiye ta cefane na ɗora. Ya ce in daina, ba ya so, yana neman mayar mini, Baba ya riƙe masa wuyan hannu ya buɗe tafin. Na cire agogona na ɗora a kai. Mutanen teburin kusa sun fara kallo. Bilki ta ce, da muryar nan da ba tata ba, ba da ƙarfi ba, kamar mai haƙuri da wanda bai iya lissafi ba, "Bai cika ba. Saura ɗaya."

Baba ya saki hannun Bature. Sai ya ciro makullansa, ya kama igiyar da haƙori yana kwance ƙullin. Yana kwancewa yana magana, ba ni yake kallo ba.

"Kakata, a Salaga aka saye shi. Yana yarinya kamar wannan. Ana zuba wuri a tabarma ana ƙirga, ɗaya ya gangaro wajen ƙafarshi, ya taka. Ba wanda ya gani. Aka tashi aka tafi da shi, wurin yana tsakanin yatsun ƙafa. Har ya tsufa yana ce mana, ni ba a gama biyana ba. Kuɗina bai cika ba, don haka ban taɓa zama na kowa ba. Da zai mutu ya ba ni, ya ce kada in bari ya koma."

Ƙullin ya kwance. Wurin ya faɗo a tafinsa. Na ce, "Baba, bari. Mu je asibiti."

Ya ce, "Kakata, shi ma uwa ne. Zai gane."

Ya yi bismillah ya ɗora shi a kan kuɗin da agogon, ya naɗe yatsun Mai Lofe a kai.

Bilki ta sauke numfashi a wuyana, dogo, irin na wanda ya sauke kaya. Ta ce, "Ya cika."

Muka koma shago. Na zura gwangwanin, ya shige ba gardama. Na ɗiga ruwa don kada ƙarfe ya yi zafi, na kafa zarto a bayan munduwar, nesa da jijiya. In kuna yankan abu a jikin mutum, ja ake yi a hankali, ba turawa ba, kuma idonka yana kan fata, ba kan ƙarfe ba. Ban kai ko rabi ba ta ce ƙas, ta rabe biyu ta faɗi a benci, kamar yadda tagullar zubi take yi. Jini ya dawo yatsun. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta ce, "Daddy, can I have chips?" Na saya mata. Hausa kuma ba ta sake fita daga bakinta ba sai da ta girma ta koya da kanta.

Baba ya yi alwala muka tafi masallaci. A hanya makullan suna hannunsa, yana ta shafa igiyar inda ƙullin yake.

Mai Lofe ya aiko da agogona da takardar kuɗin washegari a cikin ambulan. Wurin bai dawo ba, Baba kuma bai tambaya ba. Bayan kwana kaɗan ya turo yaransa suka ɗauke gangar yadda take, ba a goge ko ɗaya ba. Ban san inda ta tafi ba. Allunan ƙofa da sikelin suka riƙe mu har kasuwa ta farfaɗo. Baba ya ƙara 'yan shekaru ya bar mini shagon ya koma Kumasi, can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tun daga wannan aikin, duk abin da aka kawo mini, kafin in faɗi farashi sai na tambaya me ake yi da shi. In mai shi bai sani ba, ya bar shi ya kwana biyu a kan benci ina kallonsa.

Anti Bilkinku ba ta tuna komai. Na taɓa ba ta labarin ta ce tatsuniyar Daddy ce. Yanzu ga ta can tana ba mutane mortgage, bashin sayen gida. Amma in kun haɗu ku duba, a dama take ɗaura agogo, kuma ko a bikinta ba ta yarda an sa mata awarwaro a hagu ba. Ta ce ƙaiƙayi yake mata.

Rabi ɗaya na munduwar, Baba ya tafi da shi. Ɗayan yana durowar bencina, a cikin gwangwanin shayi. Ban sake kai shi faifai ba, ban sa masa kaki ba, ba mai taɓa shi. Kun san damshin garin nan, cokalin tagulla ka bari wata guda ya dusashe. Bayansa ya koma kore tuntuni, yadda ya kamata. Cikin ne, wajen da yake kwanciya a kan fata, har yau yake sheƙi kamar mariƙin ƙofar pub ɗin nan. Na duba da safen nan kafin in fara rubutu.

Faruk, ka zo ranar Asabar da ruwan kwalbarka, akwai fitilu biyu da suke jira. Zan buɗe maka gwangwanin ka leƙa. Hannunka dai ya zauna a aljihu.